Matan da suka zauna da mata a gwagwarmayar neman ƙuri'a: ina hujja, ina zato?

Rakiya:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni kan tarihin fafutukar nema wa mata 'yancin jefa ƙuri'a a Amurka da Ingila, daga wajen 1870 zuwa 1928. A rubuce-rubucen da ke fitowa yanzu ana yawan cewa da dama cikin jagororin tafiyar 'yan maɗigo ne, har ana jero sunaye irin su Susan B. Anthony da Anna Howard Shaw da Jane Addams. Tsofaffin littattafai kuwa iyakarsu su ce wance tana da aminiya ko sakatariya da suka zauna tare har mutuwa ta raba.

Da wace hujja masana tarihi ke yanke irin wannan hukunci a kan mutanen da suka kwanta dama shekara ɗari da suka wuce? In kuma gaskiya ne suna da yawa haka, me ya tara su a wannan tafiya? Ba muhawarar halal da haram nake son tayarwa ba, nan zauren tarihi ne. So nake in san yadda ake tantance maganar, don kada in je ina maimaita abin da ba shi da tushe.

Malam Habu:

Wa alaikumus salam, Malama Rakiya. Bari in ɗauki tambayarki ta biyu, ita ta fi sauƙi, kuma amsarta tana cikin doka da kuɗi.

A dokar Ingila ta wancan zamani, wadda jihohin Amurka suka gada, da zarar mace ta yi aure dukiyarta da albashinta sun koma hannun miji. Ba ta ƙulla yarjejeniya ko shigar da ƙara da sunanta. Jihar New York ta fara sassauta wannan a 1848, Ingila kuma sai 1870 da 1882. Ko bayan gyaran, hukumomin makarantu da yawa suna sallamar malama da zarar an ɗaura mata aure. A 1907 ma Amurka ta kafa dokar da ta ce mace in ta auri baƙo ta rasa zamanta 'yar ƙasa, ba a fara warware wannan ba sai 1922. Shi ya sa cikin matan da suka fara shiga jami'a suka zama likitoci da lauyoyi da malamai, kaso mai yawa ba su yi aure ba. Ga shi kuma mace ba ta kama gida ita kaɗai a lokacin ba tare da an yi da ita ba, ban da tsadar haya. Sai biyu su haɗa gida. A arewa maso gabashin Amurka abin ya yawaita har ana ce masa "auren Boston".

Aikin neman ƙuri'a kuwa aikin yawo ne. Jiha-jiha ake bi, kowace da tata ƙuri'ar raba gardama, mai jawabi ta yi wata da watanni tsakanin jirgin ƙasa da gidajen magoya baya. Elizabeth Cady Stanton mai 'ya'ya bakwai ta daɗe a ɗaure a gida tana rubuta jawabai, Susan Anthony da ba ta taɓa aure ba ita ke zagayawa da su. Wadda za ta jure wannan shekara ashirin sai wadda ke da mai riƙe mata gida da lissafi, kuma ba mai hana ta fita.

Dubi shugabancin babbar ƙungiyar ƙasar, NAWSA. Anna Howard Shaw, fasto ce kuma likita, ta riƙe ta daga 1904 zuwa 1915. Lucy Anthony, 'yar ƙanen Susan, ta zauna da ita kusan shekara talatin. Lucy ke tsara tafiye-tafiye, ita ke amsa wasiƙu da kula da kuɗin lacca, gidansu ɗaya a Moylan ta jihar Pennsylvania, kuma a can Shaw ta rasu a 1919. A zaɓen ƙungiyar na 1911, mataimakan Shaw biyu su ne Jane Addams da Sophonisba Breckinridge, dukkansu matan da rayuwarsu ta gida da mata ce. Wato kujeru uku na sama a lokaci guda.

Carrie Chapman Catt, wadda ta kai tafiyar ga nasara, ta yi aure sau biyu, duka mazan suka rasu, na biyun a 1905. Daga nan ta koma zama da Mary Garrett Hay har Hay ta rasu a 1928. Kada ki ɗauka Hay 'yar rakiya ce. Ita ta riƙe reshen birnin New York, inda aka tsara mata bisa taswirar mazaɓu, kowace rumfa da kyaftin ɗinta, irin tsarin da 'yan siyasar Tammany Hall, masu riƙe da siyasar birnin, suka ƙware a kai. An kayar da su a 1915. Suka koma suka bi gida-gida har suka tara sa hannun mata sama da miliyan ɗaya a faɗin jihar, a Nuwamban 1917 suka ci, kuma ratar kusan duk daga birnin ta fito. New York ce ke da kujeru mafi yawa a majalisar wakilai, don haka lissafin 'yan majalisa ya sauya nan take, gyara na 19 ga kundin tsarin mulki, wanda ya ba mata 'yancin ƙuri'a, ya tabbata a Agustan 1920. Catt ta rasu a 1947, aka binne ta kusa da Hay a maƙabartar Woodlawn, ba kusa da ɗaya daga mazajenta ba. Rubutun dutsen yana cewa a nan mutum biyu ke kwance, waɗanda abota ta haɗa shekara 38 cikin hidima ga babbar manufa.

Har kuɗin tafiyar ma. A babban taron 1906 a Baltimore, na ƙarshe da Susan ta halarta, M. Carey Thomas shugabar kwalejin Bryn Mawr da abokiyar zamanta Mary Garrett, 'yar attajirin kamfanin jirgin ƙasa, suka ɗauki nauyin tara dala 60,000 da za a kashe cikin shekara biyar. Da wannan ne aka samu damar biyan shugabannin albashi.

Duk abin da na kawo hujjar zama tare ne da aiki tare. Abin da za a kira shi, Malama Asabe ta fi ni sanin takardun.

Malama Asabe:

Na gode, Malam Habu. 'Yar'uwa Rakiya, inda aka fi yin tuntuɓe shi ne cusa tambayoyi huɗu cikin ɗaya. Sun haɗa gida da dukiya? Su da bakinsu sun kira abin soyayya ko aure? Akwai mu'amala ta jiki? Sun ɗauki wani suna suka ce su 'yan kaza ne? Takardu suna amsa ta farko sarai, ta biyu sau da yawa, ta uku da ƙyar, ta huɗu kuwa a Amurka da Ingila kusan babu kafin shekarun 1920. Duk marubucin da ya ba ki amsa ɗaya ga duka huɗun, ki nemi ganin takardar da ya dogara da ita.

Ki fara da takardun da ba a rubuta don burge kowa ba. Wasiyya ce kan gaba: wa aka bar wa gida, wa aka naɗa mai raba gado, an tsallake 'yan'uwa na jini ko kuwa? A Ingila rajistar wasiyyoyi a buɗe take tun daga 1858. Evelina Haverfield, da ta rasu a Sabiya a 1920 tana aikin marayu, ta bar wa Vera Holme, direbar motar Emmeline Pankhurst jagorar masu fafutukar ƙuri'a a Ingila, fam 50 duk shekara muddin ranta. Sai takardun sayen gida, sai kabari. Bayan su sai wasiƙun ta'aziyya, waɗanda ba a cika kula da su ba alhali suna da nauyi: in mace ta rasu, abokai suka aika ta'aziyya ga wadda suke zaune tare kamar yadda ake yi wa mai takaba, kin san yadda mutanen zamaninsu suka ɗauki zaman.

Ƙidayar jama'a tana taimakawa, amma tana da tarko. A Amurka tun 1880 ake rubuta dangantakar kowa da maigida. Umarnin da aka ba masu ƙidaya a 1900 ya ce in mutum biyu da ba dangi ba suka haɗa gida, a rubuta ɗaya shugaban gida, ɗaya abokin tarayya. Wannan kalma ta shafi har 'yan haya biyu da ke raba kuɗin ɗaki, don haka ganinta kaɗai ba ya tabbatar da komai. Takardun ƙidayar 1890 kuma gobara ta cinye mafi yawansu a 1921. A Ingila matsalar daban ce: daren 2 ga Afrilun 1911 'yan fafutuka da yawa suka ƙaurace wa ƙidayar da gangan, suka kwana a waje ko suka taru gida ɗaya, suna cewa tunda ba a lissafa su a zaɓe kada a lissafa su a ƙidaya. Sai ki nemi mace a gidanta ki rasa, ko ki tarar da mata goma a adireshi ɗaya.

Wasiƙu su suka fi ruɗi. Matan ƙarni na 19 suna rubuta wa ƙawayensu kalaman da yau za a ce na masoya ne, har da matan aure masu 'ya'ya, mazajensu na sane. Carroll Smith-Rosenberg ta nuna wannan dalla-dalla a wata maƙala ta 1975, kuma har yau daga nan ake fara muhawarar. Saboda haka ba a ɗauko wasiƙa ɗaya a kafa hujja da ita. Ana jera wasiƙun da mutum ya rubuta wa mata biyar ko shida a shekarun guda, a ga ko akwai wadda harshen nata ya fita daban: kishi, maganar zama tare na dindindin, lissafin kuɗi na bai ɗaya, roƙon a ƙona takarda bayan an karanta. Wasiƙun Susan Anthony ga Anna Dickinson a shekarun 1860 suna da zafi, har tana gayyatarta su kwana gado ɗaya. Amma ba su taɓa haɗa gida ba, Susan da 'yar'uwarta Mary ta zauna a Rochester. A ganina hujjar da ke kanta ba ta kai ta Shaw ko Addams ba, ko da yake sunanta aka fi ɗorawa a gaba don shi ya fi sayar da labari.

Maganar gado ɗaya ta taɓa tayar da ƙura a Ingila. Mary Blathwayt, wadda gidan iyayenta kusa da Bath ya zama wurin hutawar 'yan fafutukar da aka sako daga kurkuku, tana rubuta al'amuranta na kullum, har da wa ta kwana da wa. Wajen shekara ta 2000 masanin tarihi Martin Pugh ya karanta wannan a matsayin shaidar cewa Annie Kenney, ɗaya daga cikin jagororin fafutukar, ta yi soyayya da mata da dama, jaridu suka ɗauka. June Purvis ta mayar masa da martani cewa a gidan da baƙi suka fi gadaje yawa, kwana tare kwana ne kawai. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, don a gidan biki ƙawaye huɗu kan kwana katifa ɗaya ba wanda ya kawo komai a ransa. Kenney ta yi aure a 1920 ta haifi ɗa, wanda shi ma ba ya tabbatar da komai ta kowane ɓangare.

Sai giɓi. Jane Addams ta kasance tare da Mary Rozet Smith sama da shekara talatin, suka sayi gidan hutu tare a jihar Maine, in ta yi tafiya ita kaɗai takan ɗauki hoton Smith, a wata wasiƙa kuma ta kwatanta zamansu da na ma'aurata. Bayan Smith ta rasu a 1934, Addams ta ƙona mafi yawan wasiƙun da Smith ta aiko mata. Me ya sa? A nan dole ki duba kalanda. Abin da a 1880 ake yabawa a matsayin amintaka, likitoci irin su Krafft-Ebing a 1886 da Havelock Ellis a 1897 sun fara sa masa suna a littattafan likitanci. A 1921 Majalisar Wakilan Birtaniya ta amince a hukunta mu'amala tsakanin mata kamar yadda dokar 1885 ta yi wa maza, Majalisar Dattawa ta ƙi, hujjarta ita ce dokar za ta sanar da matan da ba su taɓa jin abin ba. A 1928, shekarar da matan Birtaniya suka samu ƙuri'a daidai da maza, kotu ta haramta littafin da Radclyffe Hall ta rubuta kan soyayya tsakanin mata. Matar da ta kai shekarun 1930 da rai ta san yadda za a karanta wasiƙunta na ƙuruciya. Ƙonawar tana nuna tsoro. Ba ta gaya miki abin da ke cikin takardar.

Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ni dai abin da takarda ta ce nake rubutawa: sun zauna tare shekara kaza, ta bar mata kaza, ta kira ta kaza.

Rakiya:

Allah ya saka da alheri, Malama. To amma in haka ne, ashe babu ko ɗaya da za a iya cewa kai tsaye tana son mata? Kuma su sauran 'yan tafiyar, sun sani suka yi shiru ne?

Ɗan Zazzau:

Akwai mana, Malama Rakiya. Kuma da izinin Malama Asabe, ina ganin taka-tsantsan ɗin nata ya ɗan zarce. Namiji da mace su zauna shekara talatin gida ɗaya, su yi wa juna wasiyya, a binne su kabari ɗaya, babu masanin tarihin da zai ce sai ya ga shaidar ɗakin kwana kafin ya kira su ma'aurata. In aka ɗaga ma'aunin sama don kawai mata biyu ne, shi ma son zuciya ne, na ɗaya ɓangaren.

Ethel Smyth ba ta bar wa kowa aikin zato ba. Mawallafiyar kiɗa ce, ta rubuta tarihin rayuwarta juzu'i-juzu'i, ta faɗi soyayyarta ga mata a fili, ko da yake ta kuma yi doguwar alaƙa da wani namiji, Henry Brewster, har ya rasu a 1908. Ta shiga WSPU, ƙungiyar neman ƙuri'a da Emmeline Pankhurst ke jagoranta, a 1910 bayan ta ji jawabinta, ta ajiye sana'arta shekara biyu, ita ta tsara kiɗan taken da suke rerawa a jerin gwano. A Maris na 1912, lokacin da aka fita fasa tagogi a Landan, ita gidan Lewis Harcourt ta jefa, sakataren mulkin mallaka mai adawa da ƙuri'ar mata, wanda da sunansa aka raɗa wa Fatakwal suna shekara guda bayan nan. Aka yanke mata wata biyu a kurkukun Holloway. Thomas Beecham, mai jagorantar makaɗa, da ya kai mata ziyara ya ba da labarin ya tarar da fursunoni na zagaya fili suna rera taken, ita kuma ta leƙo ta taga tana ba su hannu da buroshin goge baki.

Waɗanda aikinsu ya fi burge ni su ne Eva Gore-Booth da Esther Roper. Sun haɗu a Italiya a 1896, Eva 'yar masu gonaki ce daga Ailan, ta bar daula ta koma Manchester wajen Esther. Su suka fitar da maganar ƙuri'a daga falon masu hali suka kai ta ƙofar masaƙa. A 1901 suka kai wa majalisa takardar koke mai sa hannun mata ma'aikatan masaƙun Lancashire sama da 29,000, waɗanda aka bi ɗaya-ɗaya a bakin masana'anta da gidajensu bayan an tashi aiki. Su suka ja Christabel Pankhurst, 'yar Emmeline, cikin harkar suka ƙarfafa ta ta karanta lauya. A 1908 gwamnati ta kawo ƙudurin da zai raba mata masu aiki a mashaya da abincinsu, Winston Churchill kuma, wanda ke cikin gwamnatin, na neman kujerarsa a zaɓen cike gurbi a Manchester. Suka yi masa kamfen na adawa, yayar Eva, Constance Markievicz, tana tuƙa keken doki mai farare huɗu a cikin gari. Churchill ya faɗi. Ba su kaɗai suka kayar da shi ba, amma sashen da ya shafi matan bai zama doka ba. Eva ta rasu a 1926, Esther a 1938, kabarinsu ɗaya a Hampstead. Mai rubuta tarihinsu ta 1988 ta ce abota ce zalla, ta 2012 ta ce ma'aurata ne, kusan daga takardu iri ɗaya.

Ga kuma likitoci biyu, Flora Murray da Louisa Garrett Anderson. Murray ce ke jinyar waɗanda aka sako bayan yajin cin abinci. Tun 1909 ake yi musu ɗure a kurkuku, a danne mace a zura mata roba ta hanci ko ta baki, wani lokaci ruwan abincin ya sauka huhu ya zama ciwon haƙarƙari. Anderson da kanta ta shiga Holloway a 1912. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke suka buɗe asibitin soja a titin Endell a 1915, gado sama da 500, likitocinsa mata ne. Zobe iri ɗaya suke sawa, gidansu ɗaya a ƙauyen Penn, dutsen kabarin da ke ɗauke da sunayensu yana cewa sun yi zaman farin ciki matuƙa. Edith Craig kuwa, mai shirya wasannin kwaikwayon da ƙungiyoyin ke tara kuɗi da su, da Christabel Marshall take zaune tun 1899, wadda ta koma amsa sunan namiji, Christopher St John, a 1916 kuma mai zane Clare Atwood ta zama ta ukunsu har ƙarshen rayuwa.

Malama Asabe:

Ban musa ba, Malam. Ma'auni ɗaya nake nema ga kowa, kuma Smyth da Murray da Anderson sun cika shi.

Kan tambayar ko an sani: an sani, kuma a Jamus har an faɗa a bainar jama'a. A Oktoban 1904 wata 'yar jarida mai amfani da sunan Anna Rüling ta yi jawabi a Berlin, a taron kwamitin da Magnus Hirschfeld ya kafa a 1897 don neman soke sashe na 175 na dokar Jamus da ke hukunta maza masu neman maza. Ta ce da yawa cikin fitattun matan da ke jan ƙungiyoyin mata masu son jinsinsu ne, ba za ta ambaci suna ba, amma abin mamaki ƙungiyoyin ba su taɓa ɗaga yatsa don kare su ba. Wannan shaida ce daga cikin zamanin kansa, ba fassarar 'yan baya ba.

Manyan jagororin ƙuri'a a can su ne Anita Augspurg, Bajamushiya ta farko da ta samu digirin dakta a fannin shari'a, a Zurich a 1897, da Lida Gustava Heymann, waɗanda suka zauna tare kusan shekara arba'in. Dokar Prusiya ta hana mata shiga ƙungiyar siyasa har 1908, don haka a 1902 suka kafa ƙungiyar neman ƙuri'a ta farko a Hamburg, inda dokar ba ta kai ba. Matan Jamus suka samu 'yancin a Nuwamban 1918, suka fara jefawa ranar 19 ga Janairun 1919. A 1923 su biyun suka nemi gwamnatin Bavaria ta kori Hitler daga ƙasar. Da ya hau mulki a 1933 suna tafiya a waje, ba su koma ba, aka ƙwace dukiyarsu, ɗakin karatunsu da takardunsu suka salwanta, dukansu suka rasu a Zurich a 1943. Ga wani irin giɓin da ba su suka ƙona ba.

Dalilin shirun siyasa ne. Babban makamin 'yan adawa shi ne cewa mai neman ƙuri'a ba cikakkiyar mace ba ce. Katunan barkwanci na lokacin cike suke da zanen mata masu gashin baki da wando, miji na gida yana wanki jariri na kuka. Tunda maza ne za su jefa ƙuri'ar amincewa, shugabannin suka zaɓi su nuna kamala. Susan da Stanton sun gwada sa gajeren siket da wando a farkon shekarun 1850, suka daina don an bar sauraron jawabi an koma kallon kaya. A jerin gwanon Washington na 3 ga Maris 1913, kyakkyawar lauya Inez Milholland aka ɗora kan farin doki a gaba. Dakta Mary Walker kuwa, likitar da ta samu lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka a 1865, wadda ta ƙi rabuwa da kayan maza duk da kamun 'yan sanda, gefe aka tura ta. Wato wadda ta yi zamanta a rufe da sunan amintaka ta hau shugabanci, wadda shigarta ta fito fili aka nesanta ta.

A ɓangaren maza, Laurence Housman, wanda shi ma mai son jinsinsa ne, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar maza masu goyon bayan ƙuri'ar mata a 1907, shi da 'yar'uwarsa Clemence suka buɗe ɗakin zana tutoci da allunan tafiyar a 1909.

Hajiya Mairo:

Sannunku da ƙoƙari. Abu ɗaya ya rage, Rakiya, kada ki fita daga nan da tunanin cewa duk wadda aka ambata gwarzuwar adalci ce ga kowa. M. Carey Thomas ɗin nan mai tara kuɗi, wariyar launin fatarta a rubuce take. A 1901 ta yi ƙoƙari ta karkatar da ɗaliba baƙar fata Jessie Fauset zuwa jami'ar Cornell don kada ta shiga Bryn Mawr, kuma daga baya kwalejin ta cire sunanta daga ginin ɗakin karatu saboda wannan hali. A taron 1903 a New Orleans NAWSA ta yarda kowane reshen jiha ya zaɓi membobinsa yadda ya so, wanda a Kudu ma'anarsa a rufe wa baƙaƙe ƙofa. A jerin gwanon 1913 an ce baƙaƙen mata su koma baya, Ida B. Wells ta ƙi, ta kutsa cikin tawagar jiharta ta Illinois. Gyaran 1920 bai buɗe wa yawancin baƙaƙen matan Kudu rumfar zaɓe ba, harajin zaɓe da jarrabawar karatu suka tare su har zuwa dokar 'yancin zaɓe ta 1965.

Su kuma baƙaƙen mata haɗarin tonon asiri ya fi yi musu yawa, don tun asali ana zarginsu da rashin kamun kai, ga takardunsu ba a cika adanawa a manyan taskoki ba. Shi ya sa na Alice Dunbar-Nelson ke da daraja. 'Yar New Orleans ce, malamar Turanci a makarantar Howard da ke Wilmington ta jihar Delaware, ta yi aure sau uku, na farko da mawaƙi Paul Laurence Dunbar. A 1915 ita ce mai zagayawa da jawabi a coci-coci da zaurukan baƙaƙe a Pennsylvania, tana liƙa labaran jaridu na kowane taro a wani kundi. Littafinta na kullum, na 1921 da na 1926 zuwa 1931, 'yar 'yar'uwarta ce ta adana shi a gida, aka buga shi a 1984, kuma a ciki ta rubuta soyayyarta da mata da sunayensu. Nan tambaya ta biyu da ta uku na Malama Asabe duk sun samu amsa daga hannun mai abin. Takardunta yanzu suna jami'ar Delaware.

In za ki yi rubutu a kanta, ki bi ta har bayan 1920, don a nan ake ganin abin da ta nemi ƙuri'ar dominsa. A shekarar aka kore ta daga koyarwa saboda ta je taron siyasa ba da izinin hukumar makaranta ba. A 1922 ɗan majalisar Delaware, Caleb Layton, ya ƙi goyon bayan ƙudurin Dyer na hana kisan gilla da gungun fararen fata ke yi wa baƙaƙe. Ta jagoranci yi wa baƙaƙen masu zaɓe rajista, ta ce su juya wa jam'iyyarsu ta Republican baya a wannan kujera, Layton ya sha kaye.